Motar Malam Ta Gaji da Zaman Gari

Shekara biyu ke nan da Malam Sharifuddeen ya samu mota, kyautar babban ɗansa, amma tayoyinta ba su taɓa barin garin Tambuwal ba. Daga gida sai Islamiyyar da yake koyarwa, daga nan masallaci, sai gida. Yana gama addu'ar hawa ya iso. In ya sauka ya lulluɓe ta da tamfol. A ganinsa tattali ke nan.

Sai 'yarsa Rumasa'u ta haihu, suna ranar Juma'a. A gidansu babbar goggo ce ke riƙe jariri wanzami ya yi aski, wato Atu, yayar Malam, da ke Fakku, a ƙasar Kebbe. Gwiwoyinta sun daina yarda da babur. Malam ya yi mata alkawari zai zo ya ɗauke ta da kansa ranar Alhamis.

Laraba da safe ya murɗa makulli. Motar ta yi tari biyu ta yi shiru.

Ɗanmaliki bakanike ya zo ya ɗaga bonet, ya kwance murfin baƙin mai. Wani abu fari ya manne a ƙarƙashinsa kamar kindirmo.

"Allah gafarta Malam, fura kake dama mata?"

"Kai dai faɗi ciwonta. Ni ban taɓa wahalshe ta ba."

"Ai shi ne ciwon. Inji shina tara gumi in shina da sanyi, sai ya ɗau zafi sosai gumin ke fita. Kai kuma kafin ya yi zafi ka kashe. Ruwan sai ya gauraye da mai. Batir ma bai samun mayar da abin da ya kashe wurin tashi. Dubi fulogi, baƙi ƙirin."

"To ai kowace safiya nikan tashe ta ta ɗumama."

"Minti nawa?"

"Kamar fuɗu."

Ɗanmaliki ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kullum a aza tukunya, a sauke ba ta tafasa ba!"

Ya yi juyen baƙin mai, ya canza filta, ya goge fulogi, ya tafi da batir ya yi caji. Da la'asar motar ta tashi. Ya ce juye ya zama na watanni, kada a jira kilomita, don wagga mota ba za ta taɓa cika su ba. Sauran magani kuwa tafiya ce mai nisa, ko sau ɗaya a mako.

Alhamis Malam ya kama hanyar Kebbe, hannu biyu a sitiyari, baki cike da addu'a. Da farko tana fizga, bututun salansa na fesa hayaƙi. Can sai muryarta ta daidaita. Yana leƙa allurar zafi ya gan ta tsaye a tsakiya, inda bai taɓa ganinta ba. Ya gangara gefe ya kira Ɗanmaliki.

"Allura ta hau tsakiya! Ƙonewa za ta yi?"

"Nan ne gidanta, Malam. Yau ta fara zuwa. Taka mai."

Ya taka.

A Fakku ya tarar da Atu a ƙofar gida, ƙunshinta a ɗaure tun hantsi.

"Sharu, kai ne? Na ɗauka sai a waya kake da rai."

"Yaya, daga yau duk mako za ki gan ni. Bakanike ya ce motar na buƙatar tafiya."

"Ashe! Shekara biyu ina aike ba ka ji ba, sai da bakanike ya yi magana."

Malam ya buɗe mata ƙofa. Atu ta shafa bonet mai ɗumi.

"Ke dai Allah shi yi miki albarka, kin fi shi zumunci."

Ta sa aka loda buhun gero da kaji biyu a but, ta shiga gaba ta miƙe ƙafafu.

Juma'a da safe jaririya na cinyar Atu wanzami ya yi aski. Malam ya zo wucewa, ta ɗago.

"Sharu, maganin motar nan, ran Asabar nika son shi. Kuma ka taho da goro."