Garin Fulawa a Kumatu

A Roccavezza ba a shiga bas ɗin tsakar rana da akwati sai da garin fulawa a kumatu biyu. Gwamnati ba ta san da wannan doka ba. Amma Tullio ne direba, shi kuwa Tullio ɗan Sinyora Nives ne, mai makarantar koyon Italiyanci da girki da ke can saman gari.

Ranar ƙarshe kowane ɗalibi zai murza kwaɓin taliya da sanda har ya koma kamar mayafi, ya ɗaga shi a taga. In Sinyora ta hango hasumiyar coci ta cikinsa, sai ta rungume mutum, ta sumbace shi hagu da dama da fuskar nan tata da ba ta rabuwa da fulawa, ta ce ya sauka lafiya. In ba ta hango ba, ba a yi sallama ba ke nan. Wanda ba a yi sallama da shi ba kuwa, ai bai tafi ba.

Wulan, wadda ta zo daga Semarang a farkon kaka, ta ɗauki zancen wasa har ranar da aka nuna mata Hartmut. Bajamushe ne, ya zo karatun yana saurayi, kwaɓinsa ya fito kamar tafin takalmi. Yanzu shi ne mai askin garin, ga mata, ga 'ya'ya, ga furfura. Akwatinsa na nan bayan ƙofar shago, matarsa na goge shi duk Asabar. Kowace ranar ƙarshe yakan hau makaranta ya sake gwadawa. Mutanen gari ba sa tambayarsa lafiya, sai dai, "Hartmut, yaushe tafiya?" Shi kuma ya ce, "An kusa."

Wulan ba ta da halin zama mai aski. Jirginta zai tashi daga Bologna da yamma, izinin zamanta ya ƙare yau, kuma uwarta ta riga ta gaya wa unguwa kaf cewa gobe 'yarta na gida. Bas ɗin Tullio ne kaɗai ke gangarawa daga dutsen da garin ke kai.

Saboda haka ta murza kwaɓin nan da dukan zuciyarta. Ya yi laushi, ya yi faɗi, har tana ganin zanen tafin hannunta ta ƙarƙashinsa. Ta rataya shi a sanda, ta juya wajen taga.

Hazon Nuwamba ya hawo daga kwari, mai sanyi, mai laima, ya haɗiye garin duka. Tagar ta yi fari fat kamar an liƙa mata takarda.

Sinyora Nives ta gyara tabarau, ta matso, ta daɗe tana kallo.

"Ban ga komai ba, 'yata."

"Sinyora," in ji Wulan, muryarta can ƙasa kamar kullum, "ai ko babu kwaɓin ba za ki gani ba."

"To kin ji. Ke ma kin yarda."

Tullio na jingine a ƙofa yana cin gefen burodi. Ya ce, "Haba Mamma, yarinyar nan fa jirgi za ta hau."

"Kai kuma wa ya sa bakinka? Ba kai ke da mota ba? Ɗauke ta mana."

"Ba fulawa? In ci abincin Lahadi a gidan wa?"

Idon Wulan ya sauka kan buhun fulawa da ke buɗe a gefen teburi. Tullio ya girgiza kai tun kafin ta motsa. "Kada ma ki fara. Wani ɗan Brazil ya taɓa gwada min. Na san shatin hancin uwata, da shi na girma."

Hartmut, wanda ya gama murza nasa mai kaurin bargo, ya dafa kafaɗarta. "Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Shekarar farko ce kawai mai wuya. Dama ina neman mai wanke wa mutane kai."

"Hazon zai tashi kafin rana tsaka?" ta tambaya.

"Wane irin tashi?" in ji Tullio. "Irin wannan ne ya taɓa sa limamin coci ya kwana a gidan mai sayar da kifi, yana zaton nasa ne."

Wulan yarinya ce da ko gishiri ba ta iya roƙa a teburi sai ta shirya jimlar sau biyu a ranta. Ta kwana uku tana haddace jawabin bankwana a gaban madubi, mai kyau, irin na cikin littattafai. Yanzu kuwa abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Dole ne sai daga wannan tagar?"

"Uwata daga nan take dubawa," in ji Sinyora.

"Amma ta ce dole sai nan?"

Sinyora ta ce, "Uwata ba ta cewa komai. Tsawa take yi."

Sai Wulan ta saɓa sandar a kafaɗa, kwaɓin na reto kamar tuta, ta sauka matakala.

Haka suka fita. Wulan a gaba, Sinyora riƙe da igiyar rigar girkinta, Hartmut riƙe da ta Sinyora, Tullio a baya yana tauna. A bakin famfon dandali ta ɗaga kwaɓin. Fari. A ƙofar shagon kofi ta sake ɗagawa, tsofaffin da ke ciki suka ajiye kofunansu suka shigo layi, kowa da shawararsa.

"Hagu, yarinya!"

"Wane hagu, kai da ba ka taka coci ba tun ranar aurenka? Dama!"

Suka bi dama, suka tarar da kantin magani. Suka bi hagu. Can sai goshin Wulan ya yi karo da bango, ƙum.

Ta ja baya kaɗan, ta ɗaga kwaɓin tsakanin bangon da fuskar tsohuwa.

"Ina ganin jan bulo," in ji Sinyora.

"Bulon hasumiya ne, Sinyora."

"Bulo ai bulo ne. Akurkin kajina ma da shi aka gina."

Gefen kwaɓin ya fara bushewa a hannun Wulan. Ta leƙa ta gefe. Tabaran tsohuwar sun jiƙe, kuma ba daga waje suka jiƙe ba. Ta laluba jawabinta a kai, ta tarar ya gudu, bai bar ko kalma ɗaya ba.

"Sinyora," ta ce, kuma karon farko duk layin ya ji muryarta, "ni ma akwai wata tsohuwa da ke tsaye a taga tana jirana. Ita ma tsawa take yi."

Daidai nan ƙararrawar rana tsaka ta buga a saman kawunansu, har kwaɓin ya karkaɗa.

Sinyora Nives ta ja hanci da ƙarfi. "To. Hasumiya ce. Amma gefen hagu ya yi kauri." Ta cire tabarau, ta ware hannuwa cikin hazo, ta cafko mutum, ta manna masa fuska hagu da dama. "Sauka lafiya, kada ki manta da mu... ke yaushe kika yi gemu?"

"Ni ne, Sinyora," in ji Hartmut, muryarsa kamar ta wanda aka yanke wa hukunci.

Daga wani wuri cikin farin nan muryar matarsa ta taso: "In kawo akwatin?"

Hartmut ya sa hannun riga ya goge kumatunsa da sauri, har da kunnuwa. Tsofaffi suka ɗaga kai suna kallon sama. Tullio ya ce, "Ni ban ga komai ba. Hazo."

A karo na biyu Sinyora ta samu wadda take nema. Ta matse ta har sandar ta faɗi, ta ɗauko ta cusa mata a hannu. "Tafi da ita. Maza, kafin in canza ra'ayi."

A ƙofar bas Tullio ya kama haɓar Wulan, ya juya fuskarta hagu, ya juya dama. "Hancin Mamma ne. Shiga."

Ta zauna a miƙe, ba ta yarda kumatunta su taɓa gilashi ba. Motar na fara gangara jawabin ya dawo mata cif, daga farko har ƙarshe. Ta zuge taga ta karanta wa hazo shi da ƙarfi. Ba ta san ko an ji ba, sai da wata murya ta biyo su daga sama, ta fi ƙarar inji:

"Gefen hagu, Wulan! Ki riƙa danna gefen hagu!"