Mutum Goma Sha Ɗaya da Mma Ajaratu Ta Nemi Yafiyarsu

"Ki ce mata gyambon ciki ne," in ji Sayibu. Ya tare ta a bakin liftar asibiti, hular aikinsa a hannu yana ta murza ta. "Don Allah, Anti Safara'u. Duk abin da likita ta faɗa, ke dai ki ce gyambon ciki ne."

Safara'u ta ɗaga katin da ke rataye a wuyanta. "Karanta min."

"Na san abin da aka rubuta."

"Karanta dai."

"Tafinta."

"To. Abin da ya shiga kunnena shi zai fita ta bakina."

"Ai ke likita ce, kin san yadda ake sassauta magana."

"Yau kuma na zama likita?" Ta danna maɓallin hawa na huɗu. "Shigo mu je."

Sayibu ɗan Gana ne, haifaffen unguwar Nima a Akara, yana aikin na'urorin sanyaya filayen ƙwallo. Ƙofarsa tana kallon ƙofar su Safara'u a wani bene a unguwar Ain Khalid ta birnin Doha. Mahaifiyarsa, Mma Ajaratu, ta zo Doha a farkon shekarar 2020 don ta yi wa matarsa Shakira wankan jego, da niyyar wata biyu. Korona ta rufe hanya, ita kuma ta buɗe tukunya. Kafin a ɗage kulle, babu ƙofar da ba ta rataya wa ledar shinkafa da wake da baƙin yajin nan nasu shito ba, kuma babu gidan da ba ta san abin da ake ciki ba.

Ita Safara'u 'yar Gusau ce. Shekara shida ta yi tana karatun likita a Khartum, ta yi shekara guda a asibiti a gida, sannan ta biyo mijinta Sharafaddeen da ya samu aikin bincike a Doha. Sau uku tana neman residensi, wato gurbin horon ƙwarewa da sai da shi likita irinta za ta ci gaba da duba marasa lafiya. Sau uku ana aiko mata da saƙo mai ladabi cewa ba a ɗauke ta ba. Na farko ta yi kuka. Na biyu ta wanke gidan kaf har da saman firiji. Na uku ta karanta, ta gama shan shayinta, ta tafi aiki. Don a lokacin tana da aiki: ta yi wata takwas a layin wayar korona tana tambayar mutane da wa suka ci abinci, ta koma wurin rigakafi tana gadin waɗanda aka yi wa allura na minti goma sha biyar, daga nan ta yi kwas ta zama tafintar asibiti. Ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. In gwaggonninta suka rubuto a guruf ɗin dangi, "Dakta, har yanzu shiru?" sai ta tura musu hoton katin nata, ba ƙarin bayani.

Likitar da ke duba Mma Ajaratu yarinya ce, tana shekara ta uku a horon, wato ta shiga ne a shekarar da aka fara mayar da Safara'u. Safara'u ta lura da wannan, kamar yadda take lura kullum, ta haɗiye. A bakin ƙofa ta ce mata da Turanci, a gaban Sayibu, "Ɗanta yana so a ɓoye mata. Ba zan canza maganarki ba. Amma kina iya tambayar ta ko tana son ta sani."

Likitar ta dube ta da kyau. "Kin yi aikin jinya ne?"

"Na yi karatun likita. Tafinta ce ni."

Mma Ajaratu tana zaune a kan gado, ta rame, idanunta sun yi rawaya, amma ɗankwalinta a ɗaure tsaf kamar mai zuwa suna.

"Ga Dakta mai baki ta iso," ta ce. "Gaya wa 'yar nan abincinsu ba gishiri."

Safara'u ta fassara. Likitar ta yi murmushi, ta ja kujera, ta yi tambayarta a hankali.

"Tana tambaya, Mma, kina so a gaya miki duk abin da gwaji ya nuna, ko a gaya wa Sayibu kawai?"

"Cikin Sayibu aka leƙa ko nawa?"

Safara'u ta fassara wannan ma. Sai likitar ta faɗa, jimla bayan jimla, Safara'u tana bin ta. Ciwon daji ne a hanta. Ya kai huhu. Tiyata ba za ta yi ba. Za a iya tsayar da zafin. Jirgin komawa Gana kuwa, numfashinta ba zai ɗauka ba. Makonni ne, wataƙila wata guda. Safara'u ta san kowace kalma tun kafin a furta ta, ta ga hoton a allon kwamfuta tana shigowa. Muryarta ba ta yi rawa ba, sai dai ta riƙe ƙarfen gadon har yatsunta suka yi sanyi.

Sayibu ya juya ya fuskanci bango. Mma Ajaratu ta yi salati, sannan ta ce, "Sayibu. Juyo. Wannan ka so a ɓoye min?"

"Mma, tsoro na ji kada hankalinki ya tashi."

"Ka so in tafi gaban Allah da haƙƙin mutane a wuyana? Ka san bakina kuwa? Shekara sittin da takwas yana aiki." Ta miƙa wa Safara'u hannu. "Ara min biro. A'a, ke rubuta, rubutunki na likitoci ne, ba mai iya karanta asirina."

Suna goma sha ɗaya ta lissafa. Daga nan ta ce in ta mutu kada a sa ta a akwati a jirgi kamar kayan 'yan kasuwa, a rufe ta nan Doha a maƙabartar Mesaimir, ƙasa duk ta Allah ce.

Aka mayar da ita gidan Sayibu da tulun iskar numfashi. Garin ya fara cika da baƙin gasar cin kofin duniya. Kullum Safara'u tana sauya jirgin ƙasa a tashar Mushairib cikin masu ganguna da fentin fuska, ta iso gida bayan la'asar, ta ajiye jaka, ta tsallaka ƙofar da ke kallon tasu. Ita ce mai danna lamba, mai riƙe waya, mai soke suna.

Na farko Haladu ne, mahaucin bakin kasuwarsu ta Nima.

"Haladu, Ajaratu ce. Mutuwa zan yi, ka yafe ni. Na gaya wa mutane ka sayar min da mushe."

"Subhanallahi! Hajiya, na yafe, duniya da lahira."

"Madalla. Amma tsakaninka da Allah, akuyar nan lafiyarta ƙalau?"

"Hajiya, yafiya kike nema ko shari'a?"

Shakira ta fita da gudu zuwa kicin, ana jin dariyarta daga can. Haka aka yi ta yi. Fausatu, wadda suka shekara bakwai suna rigima a kan inda ruwan wanki zai bi, ta yafe, suka yi kuka, suka sake musu a kan wa ya fara, suka sake yafewa. Wani limami ya ce shi bai ma tuna ba, sai da Mma ta tuna masa dalla-dalla abin da ta ce game da tsawon huɗubarsa. Shakira ce ta takwas, ita ba a buƙaci waya ba.

Ranar da aka zo na tara, Safara'u ta duba takardar ta ga ta rubuta "maƙwabciya" kawai.

"Wace maƙwabciyar, Mma?"

"Ke mana. Ajiye wayar." Ta gyara robar hancinta. "Lokacin kulle na ce wa Shakira, wannan da ake ce wa Dakta tana amsa waya, ƙila takardar tata saye ta yi."

Safara'u ta miƙe, ta tsallaka gidanta, ta dawo da fayil. Ta baje takardun a kan bargon, ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ce ta huɗu a ajinmu. Mu ɗari da goma sha biyu."

"Ni da ban iya karatun boko ba kike nuna wa?"

"Ki dai gani."

Mma Ajaratu ta shafa hatimin da ɗan yatsa. "To me ya hana su ɗauke ki?"

"Gurbi kaɗan, mu da yawa. Wasu ƙawayena suna kamfanin inshora, wata tana koyarwa, wata tana tattara bayanan bincike. Ni ga ni."

"Za ki sake nema?"

"Ban sani ba. In na ga dama. Ba don bakin kowa ba dai."

"Maza, yafe ni tukuna, kafin ki fara jawabi."

"Na yafe, Mma."

"Soke."

Na goma ya rasu tun bara, aka kira 'yarsa. Saura ɗaya: Wasilatu, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha tara ba sa magana. Ranar sadakar arba'in ta mahaifiyarsu, Mma Ajaratu ta ɗanɗana miyar da Wasilatu ta dafa, ta sauke tukunyar a gaban jama'a, ta juye ta a kwata, ta ɗora wata. Sau shida Safara'u tana kira, wayar tana ƙara har ta katse. Sayibu ya aika saƙo ta hannun dangi, amsar da ta dawo ita ce, "Na ji."

Numfashin ya yi nauyi, aka mayar da Mma asibiti. Muryarta ta tafi, sai raɗa. Ranar da Gana ta buga da Koriya ta Kudu, Sayibu ya nemi wani ya riƙe masa aiki, suka kalli wasan a talabijin ɗin ɗakin. Da aka tashi Gana ta ci uku da biyu, wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta roƙi Sayibu ya rage ihu. Mma ta taɓa hannun Safara'u, ta nuna wayar da ido.

"Yanzu, Mma?"

Ta gyaɗa kai. Safara'u ta sunkuya ta ji raɗar: "Kowa yana kiran kowa. Wasila ba za ta duba lambar ba."

Ƙara biyu aka ɗauka. Hayaniyar Nima ta cika ɗakin, ham ɗin motoci da gwangwanaye.

"Mun ci! Wa ke magana?"

"Sunana Safara'u, daga Doha. Yayarki tana gefena, muryarta ba ta fita. Zan sa kunnena a bakinta, abin da ta faɗa zan faɗa miki, ba ƙari ba ragi. In na ce 'ni', ita ce. Don Allah kada ki kashe."

Ba a amsa ba, ba a kuma kashe ba. Safara'u ta sunkuya.

"Wasila, ni ce. Mutuwa zan yi."

"Kin sha faɗa."

"Wannan karon likita ce ta faɗa. Ki yafe ni miyar nan."

Aka ji an rufe ƙofa a can, hayaniyar ta ragu. "A gaban mutane, Yaya. A gaban dangin mijina. Har yau in na ɗora tukunyar taro sai ranar ta dawo min."

"Na sani. Ban kyauta ba."

Leɓun Mma suka sake motsi. Sayibu, da ke kusa, ya ji abin da ta ce, ya zaro ido yana girgiza wa Safara'u kai da ƙarfi. Safara'u ta dube shi, ta dubi tsohuwar, ta matsa bakinta kusa da wayar.

"Amma gishirin ya yi yawa."

Sayibu ya dafe kai. Sai wani sauti ya fito daga wayar, da farko ba a gane ko kuka ba ne ko dariya.

"Ita ce," in ji Wasilatu. "Wallahi ita ce. Na zaci Sayibu ne ya sa ki tsara min magana mai daɗi." Ta ja hanci. "Ya yi yawa. Sau biyu na zuba, ina kukan Inna ban sani ba. Na yafe, Yaya. Ke ma ki yafe ni, na ga kiranki duk shida."

"Na yafe," in ji Safara'u, kunnenta a bakin Mma. Ta ɗago, ta laluba jaka ta ciro takardar. Mma ba ta sauke ido daga kanta ba sai da ta ga biron ya ja layi.

Washegari Wasilatu ce ta kira da kanta, bayan la'asar ɗin Doha, su can rana ta take. Ta ce ba sai an yi magana ba, a ajiye mata wayar kusa da kunnen Yaya, ita girki take yi. Safara'u ta tashi daga aiki ke nan, ta zauna a gefen gadon, Sayibu yana karanta Yasin a ɗaya gefen, Shakira tana shafa ƙafafun. Safara'u ce ta fara lura da yadda numfashin yake tsayawa yana dawowa. Ta san sunan wannan a littafi. Ta sa yatsu biyu a wuyan Mma, ta daɗe, sannan ta rufe mata idanu, ta zare robar hancin a hankali. Ba ita ke da ikon rubuta lokacin rasuwar ba, don haka ta danna ƙararrawa a kira likita. Duk da haka ta dubi agogon bango.

Ba wanda ya tuna da wayar. Tana nan a kan matashi, ana jin taɓarya tana sauka a turmi, da muryar Wasilatu daga nesa tana cewa wani ya miƙo mata murfin tukunya.