Ba Nyoki, Ba Alhamis

Saura kwana goma sha bakwai bikina, Mama ta hau kujera za ta sauke labulen falo ta wanke, kujerar ta goce da ita. Ba wanda ya aike ta. Labulen ma ba mai kallonsa, tunda a coci za a ɗaura auren, liyafa kuma a gidan abinci. Amma Mama Iolanda ce, in ta ce abu ya yi datti to ya yi. Muka dawo daga asibiti hannunta na dama a naɗe cikin farin siminti tun daga yatsu har gwiwar hannu, likita ya ce sati shida ko cokali kada ta ɗaga da shi. Ranar Laraba ce.

A unguwarmu ta Testaccio, cikin birnin Rum, kowa ya san tsarin: Alhamis nyoki, Juma'a kifi, Asabar tumbi. Sauran jama'a a baki kawai suke faɗa. Babana Quirino, wanda ya shekara talatin da biyar yana fiɗa a kwata, shi ya mai da abin doka. Ban taɓa ganinsa ya duba kalanda ba. In ya ji ƙamshin dafaffen dankali, ya ga Mama ta ɗora katakonta a tebur tana murza ƙullu tana yanka shi gutsi-gutsi kamar kan ɗan yatsa, to Alhamis ta yi.

Washegari da rana na dafa taliya na ajiye masa. Ya kalli farantin, ya kalle ni.

"Wannan fa?"

"Taliya ce, Baba. Ai ka ga hannun Mama."

"To, madalla. Gobe ma ci nyoki."

"Gobe Juma'a."

"Gobe Alhamis, Ornella. Yau Laraba."

Na yi dariya, don na ɗauka zolaya ce. Da na san abin da ke tafe da na adana dariyar.

Ranar Laraba Baba yake zuwa aski, kuma tunda a wurinsa Laraba ba ta wuce ba, kullum da safe sai ya ɗora hularsa ya nufi shagon Nello. A kwana na biyar Nello ya tare ni a bakin kasuwa yana riƙe da almakashi. "Ornella, don Allah ki riƙe tsohon nan a gida. Ba abin da ya rage a kansa sai gira, ita ma jiya na rage ta." Lahadi ta zo, ƙararrawar coci na kaɗawa, Baba yana zaune da singileti yana tambaya ko wani babba ne ya mutu, da ake ta buga ƙararrawa ranar Laraba.

Abin ya daina ba ni dariya ranar da tela ya kawo kwat ɗin da zai sa ya raka ni gaban Fada, limamin cocinmu. Ya gwada, ya juya a madubi, ya ce ta yi kyau. Na ce, "Asabar ta sama ke nan fa, Baba."

"In Asabar ta zo, ni zan fara shiryawa. Amma ta ina za ta bi ta zo, Alhamis ba ta wuce ba?"

Shekarata arba'in da ɗaya. Shekara tara Fausto, direban bas, yana nemana, muna jiran ɗaki mai araha kusa da gida. Ɗan'uwa namiji ba ni da shi, kuma ko ina da goma, hannun ubana nake so na riƙe na shiga cocin nan. Na san halinsa sarai: in ya ce ba Asabar ba ce, ko motar 'yan sanda aka kawo ba zai sauko daga bene ba.

Na fara da hanya mai sauƙi. Na sayo nyokin leda a kanti, na dafa, na lulluɓe da miyar tumatir da cuku don ya ɓoye. Baba ya soki ɗaya da cokali mai yatsu, ya ɗaga shi sama, ya sake shi a tebur. Sai da ya yi tsalle biyu kafin ya faɗa ƙasa.

"Da irin wannan muke harbin tsuntsu muna yara," ya ce. Ya tashi ya tafi aski.

Sai Goggo Elide, ƙanwarsa, ta zo da rigarta ta girki da izzarta. "Ku matsa. Yaya, yau za ka ci abin da uwarmu take yi." Komai na tafiya daidai har ta fasa ƙwai a cikin ƙullun. Mama tana kwance a ɗaki, ƙofa a rufe, amma ta ji fashewar ƙwan nan.

"Elide! Ƙwai kika sa?"

"Guda ɗaya tak, don ya kama jikinsa."

"A katakona? Wadda ba ta iya ba ita ke sa ƙwai! Shi ya sa mijinki yake cin abinci a waje!"

"Mijina ya rasu shekara shida, Iolanda."

"To ai kin gani!"

Baba bai ko zauna a tebur ba.

Na kira Fada Saverio, ko maganar malamin addini za ta shige shi. Ya zo da kalandar coci a hammata, ya buɗe, ya nuna masa da yatsa. Baba ya saurara cikin ladabi har ya gama.

"Fada, da Ubangiji yake halittar duniya, ya tsallake rana?"

"A'a, Baba Quirino."

"Daga ta huɗu sai ta biyar ko?"

"Haka ne."

"To ni wane ne da zan tsallake?"

Fada ya sha kofi biyu, ya ci biskit, ya ce zai sa mu a addu'a.

Alhamis ta ƙarshe kafin biki na ce ni zan yi da kaina, ai na sha gani. Na zaɓo sabon dankali mai sheƙi, na fere shi tas kafin na dafa, don na nuna tsafta. Ƙullun ya kama hannuna ya ƙi saki. Na jefa rukunin farko a tafasasshen ruwa, na tsaya jiran su taso sama, sai na ga tukunya ta koma koko. Na ƙara fulawa, na ƙara, na ƙara. Rukuni na biyu suka nutse suka zauna a gindin tukunya kamar tsakuwa, ko alamar tasowa babu. Fausto, da yake tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya ce a hankali, "Ornella, ko mu roƙi Fada a mai da auren Laraba?"

"Laraba ina da aski," in ji Baba daga falo.

Na zauna a ƙasan kicin, fulawa har a gashina, na fashe da kuka. Haushi nake ji, na Baba, na Fausto, na labule, na duk wanda ya fara shuka dankali.

Juma'a da hantsi Mama ta fito daga ɗaki, hannu a rataye a wuya. Shekara arba'in da shida ba namijin da ya taɓa katakon nan, kuma kwana goma sha shida tana jira ta ga ko tsohonta zai sauko. Ta gane ba zai sauko ba.

"Quirino, wanke hannunka. Har gwiwa."

"Ni?"

"A'a, Paparoma. Ornella, ɗauko tsohon dankalin nan na ƙarƙashin matakala, mai yamushi. Sabo ruwa ne a cikinsa, da kin tambaya da na gaya miki. Da ɓawonsa za ki dafa."

Aka dafa, Baba ya ɓare su da zafinsu yana hura yatsu, ya murƙushe su a kan katako. Mama tana barbaɗa fulawa da hagu tana ba da umarni. "A hankali, tsoho, ba bijimi kake kayarwa ba. Tattara kawai. Ya isa, cire hannu! In ka cika murza shi sai ya yi fushi." Ya mirgina ƙullun ya zama igiya, ya yanka da wuƙa daidai wa daida, nan kam gwaninsa ne. Shi yana riƙe cokali mai yatsu, ita tana gangaro da kowane guntu a bayan cokalin da babban yatsanta na hagu, ya faɗo da zane a baya da ɗan rami a ciki, inda miya za ta zauna. Suna yi suna faɗa, kafaɗa na gugar kafaɗa.

Aka zuba a ruwa. Mu biyar muka kewaye tukunya, har da Goggo da Fausto. Ɗaya ya taso, sai biyu, sai duk suka cika saman ruwan.

Baba ya zauna, ya cusa adiko a wuyan riga, ya kai ɗaya baki, ya lumshe ido.

"Yau Alhamis."

Goggo ta rangaɗa guɗa irin tata, na rungume Mama har ta yi ƙarar hannu. Fausto ne kawai bai yi murna ba, yana ƙirga yatsu.

"Baba, in yau Alhamis, gobe fa?"

"Juma'a mana. Kai ba ka yi makaranta ba?"

Mama ta kalli agogon bango, ta kalli mijinta, ta juya. "Elide, busasshen kifin da kika jiƙa yana nan? Ɗora mai a wuta."

Ƙarfe huɗu na yamma aka ajiye masa soyayyen kifi. Ya shafa cikinsa, ya ce, "Juma'ar nan ta yi sammako." Mama ta ce, "Tsufa ke nan, kwanaki gudu suke yi. Ci." Ya cinye tas.

Ranar Asabar ƙarfe tara na safe na fito daga ɗaki cikin farar rigata. Baba yana zaune a tebur da kwat ɗinsa, kansa sai ƙyalli yake. Gabansa farantin tumbi ne cikin miyar tumatir, tururi na tashi. Cokali yana hannunsa, amma bai taɓa abincin ba. A ƙasa mota na ta hon.

"Baba, ƙarfe goma Fada ya ce."

"Na sani." Bai ɗago ba. "Ina karanta jarida kullum a shagon Nello, Ornella. Akwai kwanan wata a samanta."

Ya nuna kujerar da ke gefensa da cokali, wadda nake zama tun ana ɗora ni a kan matashi don na kai tebur.

"In na ci wannan, kin tafi ke nan."

Duk haushin kwanakin nan ya zube, tausayinsa ya cika min ƙirji. "Titi biyu ne tsakaninmu, Baba."

"Na sani. Na je na ƙirga taku. Ɗari huɗu da goma."

Na tattara rigata na zauna a kujerar. Ya soki guntun tumbi ɗaya, ya hura shi ya fi sau biyar, ya sa a baki, ya yi ta tauna. Mama ta leƙo za ta yi magana, na girgiza mata kai. Mun makara minti arba'in a coci, Fausto yana tsaye a rana yana zufa, amma ban ce wa Baba ya yi sauri ba har ya suɗe farantin da burodi.