Huda Uku a Takarda

"Maƙwabciya, bar ɗinkin nan ki zo. Baba ya ƙi shan magani, wai sai an kira ki."

'Yar autar maƙwabcina ce a bakin ƙofata. Na bar riga a kan keke na bi ta.

Babanta tsohon malamin lissafi ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara biyar da suka wuce ya tsinto wani ɗigo a cikin hotunan sama da masana ke raba wa masu sha'awa su duba. Wai dutse ne, faɗinsa kilomita uku, yana zagaya rana tsakanin duniyoyin Mirrihi da Mushtari. Na sha tsokanarsa: "Malam, duwatsun ƙasa ne suka ƙare?" Daga ganin farko dutsen ya ɓace, kuma ba a ba dutse lamba sai an sake ganinsa. Malam ya cinye littattafai shida yana lissafin inda zai ɓullo.

Na same shi kwance, ya rame ƙwarai, takardu uku a ƙirjinsa. Sababbin hotuna ne, an ɗauka awa ɗaya-ɗaya a tsakani, daidai inda lissafinsa ya nuna. Ga shi idonsa ya tafi.

"Ke mai sa zare a allura," ya ce, "taurari ba sa gusawa. Nemo min wanda ya gusa."

Ga taurarin nan, baƙaƙen ɗigo rututu a farar takarda! In babu shi fa? Har na shirya ƙaryar da zan yi masa.

Na haɗa takardun baki da baki, yadda nake haɗa yadi kafin yanka, na ɗaga su a taga. Kowane ɗigo ya hau kan ɗan'uwansa, ban da wani mitsitsi, shi ya rabu uku. Na zaro allura daga wuyan rigata na huda wuraren, na ɗora yatsan Malam a kai.

Ya shafa a hankali. "A jere suke. Tazara ɗaya." Sai dariya, har da tari. "Ja'iri, ashe ka dawo! Auta, aika wa masanan yanzu. Ina ruwan maganin?"

Laraba amsa ta zo, an tabbatar da dutsen. Alhamis da hantsi Malam ya cika, ana karanta masa saƙon karo na huɗu. Na yi kuka sosai.

Da na shiga naɗe shimfiɗarsa, na tarar 'yarsa ta manna ɗaya daga cikin takardun da na huda a gilashin taga. Rana ta ratso hudojin, ɗigo uku na haske a jere kan katifa.