Ƙuri'ar Bakin Ƙofa

Makarantarmu ba ta da mai ita, ko in ce masu ita sun yi yawa. Malamai, iyaye, mai gadi, mai shara, kowa ya zuba jarinsa, kowa da ƙuri'arsa guda. Shugaba ma zaɓensa muke yi. Bana wani direban bas ne a kujerar, mutum mai haƙurin tsiya.

Mun daina ɗaga hannu tun ranar da aka kama wani ya ɗaga biyu. Da ƙafa muke zaɓe. Wanda ya yarda ya je wajen taga, wanda ya ƙi ya tsaya bakin ƙofa ya faɗi dalilinsa. Wanda ya kawo maganar kuwa shi ne na ƙarshen tashi.

Ni ɗinki nake yi, kuma autata a keken guragu take. Ta gama azuzuwan ƙasa, ajin da za ta shiga kuwa yana saman bene. Sai na nemi a sauko da ajin zuwa ɗakin malamai da ke ƙasa, su malaman su koma sama. In ba a amince ba kafin a dawo hutu, dole in cire ta, in raba ta da ƙawayenta. Wannan tunanin ya hana ni sakat.

Na bi mutane gida-gida. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta sha bayani kafin in ɗora mata tef. Wanda nake tsoro shi ne malamin tarihi, tsoho mai ciwon gwiwa, wanda muke kira Malam A'a. Tun da aka fara zaɓe da ƙafa, bakin ƙofa ne mazauninsa. Fenti ya ƙi, fanka ya ƙi, har ranar da aka ce a ƙara masa albashi can ya tsaya.

Na same shi a ɗakin malamai yana shan shayi, ya miƙe ƙafa a kan kwali. Na yi ta zuba har bakina ya bushe.

Ya ce, “Kin gama, 'yata?”

Na ce, “Na gama, Baba.”

“To, na ji.”

Ranar taro aka jera bencina a babban aji. Shugaba ya karanta buƙatata, ya ce a tashi. Mutane suka yi ɗango zuwa taga, ni ina zaune ina ƙirga su. Malam A'a ya dogara sanda ya miƙe. Ya dubi ƙofa kamar mai sallama da tsohon aboki, sannan ya ja ƙafa ya nufi taga.

Aji ya kaure da tafi. Mai shara ta rangaɗa guɗa, wani ya ce a ɗauki hoto don jikoki. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini don daɗi.

Shugaba kaɗai bai yi dariya ba. Ya sosa ƙeya ya ce, “Jama'a, akwai matsala fa. Dokarmu ta ce in ƙofa ta zama babu kowa, maganar ba ta taunu ba ke nan, sai a ɗage ta zuwa taron zango mai zuwa.”

Ashe kowa ya manta da dokar, don Malam bai taɓa barin ta yi aiki ba. Zango mai zuwa kuwa an riga an koma aji.

Malam ya ce, “To bari in koma wurina.”

Shugaba ya ce, “Wanda ya tsaya ya tsaya, Baba. Kai ka kawo wannan dokar ma.”

Sai idanu suka juyo kaina, ni kaɗai a kan benci. Ashe garin zafin nema na kwashe 'yan adawar kaf, ban bar ko na magani ba. Na gyara mayafi, na taka zuwa bakin ƙofa, mutane na ƙunshe dariya.

Shugaba ya ce, “Uwar Auta, mene ne dalilinki? Na gaskiya muke so.”

Na buɗe baki in yi raha, sai abin da ke raina ya riga ni fitowa. Na ce, “Na ƙi ne don an makara. Iyaye nawa suka leƙo da yara irin tawa, suka ga benen nan suka juya, ba mu ko san fuskarsu ba? Bai kamata sai da tawa ta zo ba.”

Babu wanda ya yi dariya. Malam A'a ya gyaɗa kai ya ce, “Ƙofar ta dace da ke.” Shugaba ya buga tebur, magana ta wuce.

Washegari muka taru kwasar kaya. Malamai na hawa da kujeru suna nishi, autata na tsakiyar sabon ajinsu tana juya kekenta, tana nuna inda za a kafa allo. Da ta hango ni sai ta turo baki.

“Umma, an ce duk makarantar nan ke kaɗai kika ƙi ni.”

Na ce, “Ƙwarai kuwa. Matsa in share wurin.”