Akwati Marar Ƙaho

Ranar da aka ja wayar intanet ta fibar zuwa layinsu a unguwar Briketeri, Yawunde, Najib bai yi murna ba, kwanaki ya ƙirga. Saura shida a yi sunan jaririyar da yayarsa Mu'mina ta haifa a Garwa. Gwiwar mahaifiyarsu, Hajiya Kulsum, ta ƙi tafiya, likita kuma ya ce ba jirgin ƙasa, ba mota. Sai dai ta kalli raɗin sunan a waya. Rezo kuwa, wato sabis ɗin waya, a gidansu sai an ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa.

Hajiya ba ta ce tana son gani ba. Mu'mina 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kamawa. “Waccan ta Garwa,” take cewa. Amma ta ba da ɗinkin sabuwar atamfa, Najib kuma ya lura.

Ma'aikacin kamfani ya ce su nemi akwatin wifi, zai dawo jibi ya haɗa. Najib ya nufi kasuwar Mokolo. Kawu Tahiru, ƙanen Hajiya, mai tukubar tsire a bakin titi, ya bi shi ba a gayyace shi ba.

A shagon Garga, wani Bafulatanin Marwa mai yawan dariya, aka ajiye musu akwati biyu. Ɗaya baƙi, da ƙahoni huɗu a tsaye. Ɗaya fari, sumul, kamar sandar sabulu.

Kawu ya ɗaga baƙin, ya jinjina nauyinsa a tafi. “Wannan.”

“Fibar tana shiga cikinsa kai tsaye?” in ji Najib.

“A'a,” in ji Garga. “Shi sai an sa masa wani ƙaramin akwati a gaba. Akwati biyu, wuta biyu. Farin nan kuwa komai a cikinsa yake. Fibar ta shiga, wifi ya fita, c'est tout, shi ke nan.”

“Kamfaninmu yana karɓarsa?”

Garga ya kira ma'aikacin a gabansu. Ma'aikacin ya ce yana karɓa.

Najib ya hango ɗakin Hajiya a ransa. Wurin sa wuta guda ɗaya ne, fanka da rediyo suna faɗa a kansa. Ga ɗaukewar wuta. Ƙaramin batir zai riƙe akwati ɗaya awa huɗu, biyu kuwa ba zai kai ba.

“Farin.”

“Kai, ɗan nan!” Kawu ya dafe hula. “Shekara talatin ina sayen dabba. Abu ba ƙaho, ba nauyi, ai tunkiya ce. Garga, gaya masa.”

“Alhaji, ni duk wanda aka ɗauka ɗana ne.”

“Farin,” Najib ya sake cewa.

Bayan kwana biyu aka haɗa. Aka ɗora shi a kan ɗan katako kusa da kabet ɗin kwanukan Hajiya, ragowar siririyar wayar a naɗe a bayansa. Fitilu kore suka jeru. Rezo ya cika har zaure. Kawu ya gwada daga bakin ƙofa, ya gwada daga bayan randa, ya taɓe baki.

“Sabo ne. Bari ya kwana biyu.”

Ana gobe suna aka wuni ana ruwa, irin na Yawunde da ba ya sallama. Da safe gari ya washe. Tun kafin bakwai an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, maƙwabta sun zo, an kawo goro da ƙosai. Hajiya ta fito cikin sabuwar atamfa tana cewa ita fa don mutane ta fito. Najib ya jingina babbar waya a kan kujera. Mijin Mu'mina ya ce bakwai da kwata liman zai raɗa.

Ya danna kira. Wayar ta yi ta juyi. Ya duba sama, alamar wifi babu ko ɗigo.

“Af,” in ji Kawu, yana ɓare goro a hankali. “Tunkiyar ta kwanta?”

Mata suka yi dariya. Najib ya kasa kunne. Akwai wuta, ga rediyo can yana magana. Ya kashe wayar ya kunna. Babu. Bakwai da minti takwas. Ya saci kallon Hajiya. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi, gyaran da ba ya ƙarewa. In abin nan ya wuce, ba a sake raɗawa.

Ya shiga ɗaki. Katakon wayam, sai danshi a kansa. Wayoyi biyu sun bi bango, sun shige ta bayan kabet. Kabet kuma a kulle.

“Hajiya, makulli.”

“Na me, Auta?”

“Akwatin.”

Ta kunce shi daga bakin zani ba ta dube shi ba. “Jiya rufin nan yana ɗiga daidai kansa. Abu mai tsada, in bar shi ruwa ya ci?”

Ya buɗe. Tasoshi da kwanukan samira a jere, tun na aurenta, waɗanda ba a taɓa zuba abinci a ciki ba. Duk abin da Hajiya take ji da shi nan yake kwana: turare, fasfo, zoben Makka. Ya bi waya har babbar tasa ta ƙasa, ya ɗaga murfi. Ga akwatin a kan tsumma mai tsabta, ya yi zafi kamar gasasshen dankali, fitilunsa kore tar. Yana ta aikinsa, ƙarfe ne ya tare rezon ta ko'ina.

Ya fito da shi a hankali kada siririyar ta karye, ya ɗora a saman kabet.

“Zai jiƙe,” in ji Hajiya daga ƙofa. Ta miƙo murfin tasar.

“Ban da ƙarfe.”

Ta ciro faifai daga bango, ta kifa masa da kanta.

A tsakar gida wayar ta yi ƙara. Fuskar mijin Mu'mina ta cika ta, bayansa maza a zaune, liman ya riga ya ɗaga hannu. Aka shafa fatiha, sai maroƙi ya ɗaga murya, ta fito sarai kamar a zaure yake:

“Sunan yarinya Kulsum!”

Guɗa ta tashi a Garwa, ta tashi a Briketeri. A can aka kai wayar cikin gida, Mu'mina ta ɗago jaririyar, 'yar ja, tana hamma.

Hajiya ta kau da kai. “Duk sunayen duniya sun ƙare ne?” Amma hannunta ya riga ya kai kan kujerar, ta ja ta gabanta, har gwiwar da ta ƙi tafiya.

Kawu ya leƙa ɗaki, ya daɗe yana kallon akwatin da faifai a ka.

“To,” ya ce. “Ko ba ƙaho, ai ya samu malafa.”

Najib ya ɗauki ƙosai ɗaya. Hajiya ba ta ji su ba, tana ce wa waccan ta Garwa ta matso da yarinyar kusa.