Muryar da ke Bayan Lyle

Ajinmu na yamma ne, ta kwamfuta, na manyan da karatun sakandare ya kuɓuce musu. Ni daga kicin nake shiga, ƙafafuna cikin ruwan ɗumi bayan na yini raba abinci a wani gidan cin abinci a garin Duluth. Malamarmu, Mis Odegaard, doka ɗaya take nanatawa har ta gundure mu: in ba magana kake ba, rufe makirufonka. Kowa ya kiyaye, ban da Lyle Pakkala.

Na daɗe da sanin Lyle, shi da matarsa Arlene tsofaffin kwastomomina ne. Ƙarfinsa duk ya ƙare a masana'antar takarda, har aka rufe ta. Takardar shaidar sakandaren nan yake nema ido rufe, don an yi masa alkawarin aikin amsa waya daga gida. In bai samu ba dole ya fita nema, Arlene kuma sai gidan kula da tsofaffi, don mantuwa ta kama ta, ba a barinta ita kaɗai.

To, bawan Allahn nan a zatonsa da ya yi shiru na'urar ma ta yi shiru. Malama ta rufe masa daga can, da ta yi masa tambaya ya buɗe, shi ke nan an bar ƙofa a wangale. Ana tsakar lissafi sai mu ji Arlene tana tambayar ina Lyle, ya amsa yana nan, can ta sake tambaya. Gaskiya ni ma abin na hawa min kai wani lokaci.

Rannan Kaylee, autar ajin, yarinya mai rawar kai, ta rubuta wa ƙawarta saƙo a gefen allo. Maimakon ta zaɓi sunan ƙawar, sai ta tura wa kowa: wani ya ce wa tsohon nan ya rufe bakin akunsa mana.

Lyle ba ya karatu da sauri. Muna kallo ya matso da fuska, leɓɓansa na motsi, har ya kai ƙarshe. Kaylee ta dafe baki. Malama ta fara magana, amma hotonsa ya riga ya ɓace. Raina ya ɓaci ƙwarai, da yarinyar na kusa da ta ji a jikinta.

Bai dawo ba, ga jarrabawa ta matso. Na gasa kek na tafi gidansu, ina ta zazzaga masifa a kan yaran zamani. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi bai riƙe yarinyar ba. Ya ce Arlene mace ce da ko shara ba ta fitarwa sai ta gyara gashi, ga shi ya bar baƙi suna sauraron ruɗewarta tun farkon zango.

"Ba yarinyar ce ta tona mata asiri ba, Noreen. Ni ne."

Na jawo kwamfutar na nuna masa maɓallin rufe makirufo, ya danna, ya sake dannawa, har hannunsa ya saba. Na kuma faɗa masa gaskiya, in kunya ta hana shi takardar nan, wasu ne za su riƙa yi wa Arlene wanka.

Ranar Talata sai ga shi, makirufo a rufe. Kaylee ta riga ta aika masa ban haƙuri, wannan karon shi kaɗai, idonta duk ya kumbura. Da malama ta kira shi ya buɗe, amma bai amsa tambayar ba tukuna, ya juya baya.

"Arlene, akwai mutane a nan, za su ji ki. Kin yarda?"

Sai muka ji ta, murya tar, irin ta matar gida: "Baƙi muka yi? Lyle, ka ba su kofi kuwa?"

Sai ga alamar ɗaga hannu a kan hoton Kaylee, ta jira har malama ta ba ta dama.

"Ya ba mu, Mama," ta ce. "Mun gode."